Darasi na 14: Tukunyar Ƙasa da Sirrin Tangaran

Duk wanda ya tashi a Augie, ko a ɗaya daga cikin garuruwan da suka jeru a bakin Gulbin Rima har zuwa Argungu da Birnin Kebbi, ya san cewa idan ruwa ya janye daga fadama bayan an yanke shinkafa, rana kuma ta bugi ƙasa har ta daddare, akwai wuraren da ake nufa da fartanya da kwando a haƙo wata ƙasa mai danƙo, wadda mai tafiya a ƙasa ke tsinewa da damina, amma magina tukwane suna girmama ta kamar yadda maƙeri ke girmama ƙarfe. Ita ce yumɓu. Daga gare ta randa ta fito, da tulu, da tukunyar tuwo da ta miya, da kwatarniya, da kaskon wutar da tsofaffi ke jin ɗumi da hunturu, da tandar waina, da shantalin alwala, har da asusun da yaro ke tara kuɗin sallarsa.

Ku da kuke zaune a wannan aji magidanta ne da iyaye mata, saboda haka zai zama rashin ladabi in tsaya ina bayyana muku amfanin randa. Maƙasudin darasin yau shi ne amsa wata mas'ala da wani dattijo ya taɓa jefo mini bayan an tashi daga karatu. Ya ce, “Malam, an ce mini farantin tangaran da ake kawowa daga ƙasar Sin shi ma da ƙasa ake yin sa. To, me ya sa shi yake sulɓi yana ƙyalli, ruwa ba ya ratsa shi, tukunyarmu kuwa tana shan ruwa tana zufa? Ko dai kakanninmu ne ba su gama koyon sana'ar ba?” Tambaya ce ta mai hankali, amsarta kuma tana da ɗan tsawo, sai ku yi haƙuri da ni.

Da farko dai, sana'ar ta daɗe ƙwarai a wannan ƙasa. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, daga baya bincike ya tabbatar da cewa mutanen da suka yi irinsa sun rayu fiye da shekara dubu biyu da suka shige. A nan jiharmu ta Kebbi ma, kafin a gama madatsar Kainji a 1968, masana tarihi sun yi tono a wajen Yelwa ta Yawuri, suka sami tukwane da siffofi na yumɓu waɗanda suka girmi daular Kanta nesa ba kusa ba. Wanda kuwa ya yi karatun allo ya san cewa Suratur Rahman, da ta zo bayanin asalin halittar ɗan Adam, da busasshen yumɓu irin na kasko ta buga misali, abin da ke nuna cewa babu wata al'umma da aka yi wa magana wadda ba ta san wannan abu ba.

Daga fadama zuwa matoya

Idan an kawo yumɓu gida akan shanya shi, a farfasa, a tsince tsakuwa da saiwoyi, sa'an nan a jiƙa shi ya kwana. Amma yumɓu tsantsa ba ya ginuwa yadda ake so, domin yana motsewa ƙwarai idan yana bushewa, motsewar nan kuwa ita ke tsaga tukunya tun ba ta ga wuta ba. Saboda haka maginiya takan daka tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane, ta tankaɗe, ta cuɗa garin da yumɓun, wasu kuma su ƙara yashi ko ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki, gwargwadon halin ƙasar wurinsu da abin da suka gada. Ba a auna wannan da mudu. Tafin hannu ne ma'auni, kuma na sha ganin tsohuwa ta ɗebi curi ta murza tsakanin yatsu biyu, ta ce a ƙara gari, ba tare da ta ko dubi abin ba.

Hanyoyin gini sun bambanta. Wasu sukan kife tsohuwar tukunya, su barbaɗa mata toka don kada ta kama, su shimfiɗa yumɓu a kanta suna bubbugawa har gindin sabuwa ya fito, in ya ɗan sha iska a ɗaga shi a juya, a ci gaba da ɗora yumɓun da aka murza kamar igiya, zagaye bisa zagaye, har a kai wuya da baki. Wasu kuma, musamman a ƙasar Sakkwato, sukan sa curin a cikin ɗan rami mai siffar ƙwarya, su riƙa dukan cikinsa da dundunge, wani dunƙulen gasasshen yumɓu da ke cika hannu, suna juya shi sannu a hankali, har tulu ya fito da jiki siriri, kaurinsa ɗaya ko'ina, kai ka ce da na'ura aka yi. Kafin ta gama bushewa akan shafe ta da ruwan jar ƙasa, a goge da dutse mai sulɓi har ta ɗauki sheƙi. Ku riƙe wannan sheƙi a zuciya, domin shi ne mutane da yawa ke rikitawa da na tangaran, alhali kuwa asalinsu ba ɗaya ba ne: na dutse guga ce kawai da ta kwantar da fuskar yumɓu, ƙofofin da ruwa ke bi suna nan ba su toshe ba.

Sai wuta, wadda ita ce alƙalin sana'ar duka. Akan jera tukwane a matoya, a lulluɓe su da kara da ciyawa da kashin shanu da itace, a cinna. Abin da ke faruwa a cikin tarin nan, wanda ido ba ya gani, masana sun auna shi daki-daki. A digiri 100 na ma'aunin Selsiyas ragowar ruwan da ke jikin tukunya yakan zama tururi, in kuwa ba ta bushe sarai ba, ko aka gaggauta mata wuta, tururin ya rasa mafita ya fasa ta, shi ne ƙarar da akan ji kamar ta bindiga. Tsakanin digiri 450 da 600 wani ruwa na dabam, wanda ke ɗaure a cikin zatin yumɓun kansa, yakan fita, kuma daga nan babu komawa: abin da ya wuce wannan haddi ya zama kasko har abada, ko ya shekara a gulbi ba zai sake zama laka ba. Wutar fili irin tamu takan tsaya ne tsakanin digiri 600 da 900. A wannan zafi ƙwayoyin yumɓu sun kama juna, amma ba su narke sun haɗe ba, sai suka bar ƙananan ƙofofi bila adadin a tsakaninsu. Ta nan randa ke zufa.

A wasu wurare, kamar ƙasar Gwari, da an fito da tukunya daga wuta tana da zafi akan yayyafa mata ruwan makuba, wanda aka dafa daga ɓawon ɗorawa, irin wanda ake zuba wa daɓe, ya ba ta duhun launi ya kuma rage mata shan ruwa. Dabara ce mai kyau, amma ita ma ba ta mai da tukunya tangaran.

Mene ne ƙyallin tangaran?

Gilashi ne. Wata siririyar riga ce ta gilashi da aka narkar a jikin yumɓu har ta manne da shi, kuma a wannan darasi za mu kira ta rufin gilashi. Kwanon langa da ke jere a ɗakunan amare shi ma irin wannan riga gare shi, sai dai shi a kan ƙarfe aka sa ta.

Abu uku ne rukunan wannan rufi. Na farko shi ne sinadarin da ke cikin farin yashi da ƙanƙarar dutse, wanda masana ke kira silika, shi ne ainihin gilashin. Illarsa ita ce ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, abin da babu matoyar da za ta jure. Don haka ake buƙatar na biyu, wato abin da zai karya masa taurin kai ya narke da wuri, kuma abin mamaki, wannan yana cikin madafin kowace mace: toka ce, ko kanwa, ko kuwa garin dutsen da ake yin siminti da shi, irin wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Na uku shi ne yumɓu kaɗan, wanda ke ba narkakken gilashin kauri, don kada ya tsiyaye daga jikin tukunya ya taru a gindi kamar man shanu a rana. Akan niƙa waɗannan su yi laushi kamar garin tuwo, a dama da ruwa kamar koko, a tsoma kayan a ciki, a bari su bushe, sa'an nan a gasa su a cikin rufaffen gini na tubalin da ke jure wuta, mai ƙofar zuba itace da bututun hayaƙi, inda zafi ke taruwa sa'o'i masu yawa har ya kai digiri 1,200 zuwa 1,300. A nan jikin yumɓun kansa yakan haɗe ya yi tauri kamar dutse, in ka ƙwanƙwasa shi ya yi amo kamar ƙararrawa. Launi kuwa daga ƙarafa yake zuwa: tsatsar baƙin ƙarfe tana ba da ruwan ƙasa ko baƙi, jan ƙarfe kuma kore.

Mutanen Sin ne suka fara lura, fiye da shekara dubu uku da suka wuce, cewa tokar da iska ke watsawa a kan tukwane cikin matoya mai tsananin zafi tana narkewa ta bar ƙyalli, sai suka mai da haɗari ya zama ilmi. Musulmi ma suna da babban rabo a wannan fanni. A ƙarni na 9 na Miladiyya, zamanin daular Abbasiyawa, da jiragen ruwa suka riƙa kawo fararen kwanukan Sin zuwa Iraƙi, magina a Basra, waɗanda ba su da irin farar ƙasar Sin, suka gano cewa idan aka sa kuza a cikin rufin yakan fito fari fat ya ɓoye launin yumɓu, sai su yi rubutu da zane da shuɗi a kansa. Daga can hikimar ta bi ta Masar da Magrib ta shiga Andalus, daga nan ta watsu cikin Turai. A shekarar 1301 wani masani daga gidan magina a birnin Kashan na ƙasar Farisa, mai suna Abul Ƙasim, ya rubuta risala a kan kayan haɗin da yadda ake gasa su, tana nan har yau.

Hatta malaman fiƙihu sun san bambancin nan. Shehu Halilu a cikin Muhtasar, a babin tsarki, ya lissafa kasko cikin abubuwan da ba sa tsarkakuwa da wanki idan najasa mai ratsawa ta shige jikinsu, masu sharhi kuma suka togace abin da aka rufe da shafi mai hana ratsawa, suka buga misali da tangaran na Sin. Tafsilin hukuncin na malamai ne, a tambaye su. Abin da ya shafe mu shi ne illar da suka kafa hukuncin a kanta, ita ce dai waɗannan ƙofofi da muka ambata.

Abin da ya faru a tsohuwar Abuja

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Turawa ta ɗauki wani maginin Ingila, Michael Cardew, aikin inganta ginin tukwane a Nijeriya. Bayan ya zagaya ƙasa yana duba yumɓu da itace da ruwa, sai ya zaɓi garin Abuja na dā, wanda yanzu ake kira Suleja, aka buɗe makarantar koyon sana'ar a can a watan Afrilu na 1952. A fadar Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, Cardew ya ga waɗansu tuluna da suka ba shi mamaki, aikin wata Bagwariya daga ƙauyen Kwali, wadda ake kira Ladi. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko a ciki. Ta koyi gini a kan faifan da ke juyawa, ta yi kwanuka da butoci, amma abin da ya ɗaukaka sunanta shi ne manyan tulunanta na gado, waɗanda ta ci gaba da ginawa da hannu, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da kifi da hawainiya, sai dai yanzu da yumɓu mai jure babbar wuta, a kuma rufe su da gilashi. An nuna aikinta a Landan, ta zaga Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Wanda ke da takardar naira 20 a aljihu ya juya bayanta, zai gan ta zaune tana gini.

To, a nan ne amsar dattijon nan take, kuma ina so ku saurara da kyau. Tulunan Ladi Kwali masu rufin gilashi sun fi na dā kyau a ido, sun fi ƙarfi, sun kuma fi tsada ninkin ba ninki, amma sun yi nauyin da ba mai ɗaukar su zuwa rafi, sun kuma daina sanyaya ruwa. Sai suka tashi daga tsakar gida suka koma gidajen adana kayan tarihi da ɗakunan masu hali. Dalili kuwa shi ne, zufar randa ita ce aikinta: ruwan da ya tsattsafo waje, idan iska ta busar da shi, yakan tafi da zafin na ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin manomi. A kan wannan ƙa'ida ce Malam Muhammad Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma, don adana tumatir da gauta da alayyafo kwanaki ba wutar lantarki, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Da an rufe waɗannan tukwane da gilashi, da dabarar ta mutu nan take.

Haka kuma tukunyar tuwo. Ƙofofin nan da garin tsingaro su ne ke ba ta damar buɗewa da motsewa a kan duwatsun murhu, harshen wuta yana lasar gefe ɗaya, ba ta fashe ba. Ɗora mata kwanon tangaran a gefe, ka ga wanda zai riga tsagewa. Ashe kakanninmu sun tsaya ne daidai inda buƙatarsu ta tsaya. Inda rufin gilashi ke da fa'ida ta haƙiƙa shi ne kwanon cin abinci, da moɗar shan shayi, da mazubin mai da zuma da man shanu, wato duk abin da ake so ya wanku tas, kada ya riƙe maiƙo ko wari. A nan kam roba da langa sun ƙwace wa magina kasuwa, kuma a ganina nan ne kaɗai ya cancanci a yi yunƙurin ƙwato ta.

Gargaɗi game da dalma

Akwai gajeriyar hanya, kuma wajibi ne in ambace ta don in hana ku bin ta. Dalma tana narkar da gilashi a ƙaramin zafi, ta ba da ƙyalli mai ɗaukar ido, shi ya sa magina a ƙasashe da yawa suka daɗe suna amfani da ita, wasu ma har daga cikin tsohon batirin mota suke ciro ta. Amma guba ce. Duk abu mai tsami, kamar kunun tsamiya, da nono, da zoɓo, da lemon tsami, yana jawo ta daga jikin kwano ta shiga abinci, ta taru a jiki sannu a hankali, ta lalata ƙwaƙwalwar yara, ba ɗanɗano ba wari. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, sa'ad da niƙan dutsen zinariya mai haɗe da dalma a cikin gidaje ya yi sanadin rasuwar yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Allah Ya jiƙansu. Wanda ya sayar wa mutane kwanon da ya san yana ɗauke da wannan abu ya ci amana, ko da kwanon ya fi madubi ƙyalli.

Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, to, ga inda take kuɗi ba tare da an ƙona rumbun kowa ba. Ƙasarmu ƙasar shinkafa ce, kuma ƙaiƙayin da ke tsibi-tsibi a bayan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi, idan aka ƙona shi ya zama toka, mafi yawan tokar silika ce mai laushi, wadda ba ta buƙatar wahalar niƙa. Magina a Japan sun daɗe suna haɗa ta da tokar itace da garin dutse su sami rufi fari kamar madara. Ita kaɗai ba ta narkewa, sai da tokar itace. Wani ƙiyasi da masu wannan sana'a ke farawa da shi shi ne kashi 40 na tokar itace, kashi 40 na garin dutsen da ake kira felsfa, kashi 20 na yumɓu, daga nan a riƙa ragi da ƙari ana gwadawa a kan ƙananan ɓallaye. Shi felsfa a cikin duwatsu irin na ƙasar Zuru da Zamfara ake samunsa, farar ƙasa mai jure wuta kuma an san Kankara ta Jihar Katsina da ita. Yumɓun fadama kuwa sai an jarraba shi tukuna, domin jan yumɓu da yawa yakan lanƙwashe ko ya narke kafin a kai digiri 1,200. Sa'an nan a lissafa itace kafin a aza tubali ko ɗaya, gama irin wannan matoya ci gare ta, mu kuwa hamada tana ƙofar gida. Aiki ne na ƙungiya, ba na tsohuwa ɗaya da jikanyarta ba. Mai taɓa jiƙaƙƙiyar toka kuma ya kare hannunsa, masu yin sabulun salo sun san yadda take cin fata.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya nemo tsingaro ɗaya da ɓallen fasasshen tangaran ɗaya. Ya ɗiga ruwa a kan kowannensu ya ƙidaya har ruwan ya ɓace ko ya ƙi ɓacewa, ya ƙwanƙwasa su da ƙusa ya saurari amonsu, ya dubi bakin karayar tangaran ɗin ko zai hango kaurin rigar gilashin, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani cikin layi biyar da hannunsa. Wanda kuma akwai maginiya a unguwarsu, ya je ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta inda take haƙo yumɓunta, da abin da take cuɗa shi da shi, da yadda take gane wuta ta isa, ya zo mana da amsar yadda ta faɗe ta.